Ranka Ya Daɗe, Malam Jiyau

A Darini, can ƙasar Batsari, har yau mutane na fama da wata tsohuwar cuta wadda boko ya daɗe da samo maganinta. Cutar kuwa ita ce, ba ka isa ka kawo labari ka ajiye ka kama gabanka ba. Ka zo gindin bishiya bayan La'asar ka ce farashin gero ya faɗi a Jibiya, kafin ka rufe baki wani tsoho ya ɗago kai daga igiyar da yake tufka ya ce, "Wa ya hwaɗa maka?" Ka ce direba. "Shi ya je, ko shi ma ji ya yi?" Ka ce yaron motarsa ne ya je. To, shi ke nan an yanke wa labarinka hukunci. Daga wannan lokaci duk wanda zai ɗauke shi ya kai gaba, sai ya rataya masa "wai" a wuya, kamar ƙararrawar da ake ɗaura wa akuya mai ɓarna don a ji zuwanta tun daga nesa.

Abin takaici, harshen Hausa kansa da shi aka haɗa baki. Ya tanadi "wai", ya tanadi "in ji", ga "an ce", ga "ni dai haka na ji", duk kyauta ba ko sisi. Bai tsaya nan ba, sai da ya raba bayin Allah gida biyu, ganau da jiyau, ya ɗora na farko a kan na biyu, ya ce gani ya kori ji. Shekaru aru-aru Jiyau na tsugune a gefen tabarma, ba ya magana sai da neman afuwa. Sai da Allah Ya kawo jami'a, Ya kawo kundin digiri, Ya kawo baka biyu, sannan bawan Allah ya samu sa'ida. Yau ga shi nan a tsakiyar zaure sanye da rigar Ganau. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma nasa ya rufe har idon sawu. Ranka ya daɗe, Jiyau ɗan Wai, jikan An-ce, mai shan romo bai ga tukunya ba, mai ba da labarin Makka daga tashar mota!

Ga wanda bai taɓa shiga babi na biyu ba, wato inda ake bitar ayyukan da suka gabata, bari in kwance masa sirrin sana'ar. Kana karanta littafin wani, ko kuma, mu faɗi gaskiya, kana karanta kundin wani ɗalibi da ya riga ka fita da shekara uku. Sai ka tarar ya ɗauko maganar wani babban masani, ya sa sunansa da shekara da lambar shafi. Maganar ta yi maka daɗi, kana so. Hanya uku ce a gabanka. Ta farko ita ce ta wahalallu: ka tashi ka nemo littafin babban masanin, ka buɗe shafin, ka ga ko ya faɗi haka ɗin, ka ga abin da ya faɗa kafin nan da bayan nan. Ta biyu ita ce ta matsorata: ka rubuta cewa wane ya ce kaza, kamar yadda wane ya ruwaito, ka kuma sa littafin da ka riƙe da hannunka kaɗai a jerin manazarta. Wannan ita ce dokar da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wadda ɗalibai suka fi sani da APA, ta sake nanatawa a bugu na 7 na littafin ƙa'idojinta da ya fito a 2019. Har ta ƙara da cewa kada a yawaita bin ko da wannan hanyar, sai in asalin ya ɓace, ko ba ya samuwa, ko yana cikin harshen da ba ka ji. Ka ji tsaurin kai, sai ka ce a gindin bishiyar Darini aka rubuta ta.

Hanya ta uku ita ce ta jarumai. Ka kama ɗan tsakiyar nan, wanda ta bakinsa ka ji, ka tura shi rijiya, ka rufe da faifai. Sai ka juyo ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da babban masanin kamar jiya kuka sha fura tare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen da suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, ba su taɓa ganin babi na biyu ba. A can hangen Dala shiga birni ne, har da kwana, har da tsaraba.

Amfanin wannan hanya ba ya ƙirguwa, amma babba shi ne yadda take ƙiba da jerin manazarta. Yaro ya karanta kundi biyu da takardar lacca guda, ya wayi gari da sunaye sittin a shafukan ƙarshe, wasu da Jamusanci, wasu da Faransanci, shi kuwa ko gaisuwa bai iya da su ba. Mai shagon kwamfuta ya buga, ya jera su bisa tsarin abacada, a yi bango mai ruwan zinare. Mai duba aiki ya ɗaga kundin ya ji nauyi, ya leƙa ƙarshe ya ga sunayen da shi ma ya sani, ya gyaɗa kai. Ba na zarginsa. Mutumin da aka jibga wa kundi talatin ko arba'in a zango guda, ga koyarwa, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ina ya ga sararin bin sawun kowace baka biyu? Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wasu sunayen, a hanyar da yaron ya same su, ta nan shi ma ya same su a zamaninsa. Zumunci ke nan. Ilimi ya zama gado, ana miƙa shi hannu da hannu ba tare da an kwance ƙunshin ba, don kada ya sha iska.

Wata baiwar Jiyau da ba a cika yaba masa a kanta ba ita ce iya sassaƙa. Magana in ta fito daga bakin mai ita, takan zo da ƙaya da reshe: "idan", "mai yiwuwa", "a ganina", "a iya inda na duba". Kowane hannu ta bi sai ya fere ɗaya, har ta iso gare mu sumul kamar taɓarya. Ɗauki Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Ya shiga Katsina a farkon 1851, ya sake dawowa a 1853, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya auna ganuwa ya ce zagayenta ya kai mil 13 zuwa 14. Ya dubi mutanen da ke ciki a lokacin ya ƙiyasta da ƙyar su kai 7,000 zuwa 8,000. Sannan ya yi wani lissafi na zuci, ya ce idan har an taɓa cika rabin wannan fili da gidaje yadda ya kamata, to birnin ya ɗauki aƙalla mutum 100,000. Ka lura da "idan" ɗin nan. Barth bai ƙirga kowa ba, fili ya gani, ya yi hasashe, kuma ya faɗa cewa hasashe ne.

To, wa zai ɗauki "idan" ya kai gaban malaman da za su yi masa tambayoyi ranar kare kundi? Sai Jiyau ya sa wuƙa. Abin da zai rage shi ne Katsina ta taɓa ɗaukar mutum 100,000, sai sunan Barth, sai 1857 a cikin baka biyu. Dubi tsafta! Littafin Barth mujalladi biyar ne, sun fito tsakanin 1857 da 1858, kowane ɗaya ya isa matashin kai. Wanda ya yi ƙoƙari ƙwarai shi ne ya gamu da shi a cikin zaɓaɓɓun sassan da Kirk-Greene ya fitar a 1962, ko a littafin tarihin masarautun Arewa da Hogben da Kirk-Greene suka fitar a 1966. Sauran jama'a kuwa a takardar lacca suka yi gamo da shi, ita ma jikanyar wata takardar ce. Duk da haka kowa Barth yake kira kai tsaye, ba sallama, kamar ƙanin babansa.

Mu mutanen yammacin Katsina muna da haƙƙi na musamman a kan mutumin nan, domin ta ƙasarmu ya ratsa. A watan Maris na 1853 ya bar Katsina zai je wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya sauka Zakka, wadda yau take cikin ƙasar Safana, ya ratsa daji ya nufi Zurmi, ana ta ɗar-ɗar saboda harin Gobirawa. Ka ga tsoron hanyar nan ba yau ya fara ba. Shi dai ya sha rana ya sha ƙura ya zo ya gani. Mu kuwa da ke iya zuwa Zakka mu dawo tsakanin hantsi da Azahar, Allah Ya hutar da mu karanta abin da ya rubuta a kanta, tunda akwai wanda ya ce wani ya ce ya karanta.

Kada ma a ɗauka Barth ya fi ƙarfin Jiyau. Shi ma ya taɓa shiga hannunsa, kuma a nan ne aka ga babbar karamar gwanin namu. A wannan tafiyar ta 1853, da ya isa Gwandu, aka ara masa wani littafin Larabci na tarihin Songhai da Tumbuktu, wanda duniya ta sani yau da Tarikh al-Sudan. 'Yan kwanaki kawai ya samu da shi, ya kwafi abin da ya iya cikin gaggawa, ya aika Turai, aka buga a wata mujallar Jamus a 1855. Ya ce wa duniya littafin Ahmad Baba ne, shahararren malamin Tumbuktu. Sunan Ahmad Baba kuwa lallai yana ciki, domin mai littafin na gaskiya, Abdurrahman al-Sa'adi, ya kwaso dogayen sassa daga aikin Ahmad Baba na tarihin malamai, kuma shi bai ɓoye ba, ya faɗi inda ya samo. Wato al-Sa'adi matsoraci ne, mai bin hanya ta biyu. Sakamakonsa shi ne aka ƙwace masa littafin ɗungurungum aka ba wanda ya ambata.

Ga inda karamar take. Ahmad Baba ya rasu a 1627. Littafin kuwa ya ci gaba da ba da labari har wajen 1655. Ashe Jiyau ya sa mamaci ya yi shekara kusan talatin yana rubutu daga kabari, masanan Turai kuma suka yi shekara arba'in suna miƙa wa juna wannan labari, kowa na dogara da na gabansa. Sai a ƙarshen ƙarnin, da Faransawa suka samu cikakkun kwafe, Félix Dubois ya yi magana, Octave Houdas ya buga nassin Larabcin a 1898 da fassararsa a 1900, sannan aka mayar wa al-Sa'adi kayansa. Masu ɓata wasa ke nan. Da sun bar kaza cikin gashinta, da har yau muna da waliyyin da ya fi kowa juriyar alƙalami.

Masu ɓata wasa ba su ƙare a Faransa ba, mu ma Allah Ya jarrabe mu da namu. Marigayi Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya tashi rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, aikin da ya gama a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, aka buga shi littafi a Zariya a 1981. Maimakon ya zauna a inuwa ya haɗa Barth da Hogben ya dama, sai ya ɗauki jaka ya bi garuruwan ƙasar Katsina har Maraɗi, yana zama gaban tsofaffi, yana rubuta wanda ya gaya masa, da garin, da ranar. Bai ishe shi ba, sai da ya rubuta maƙala guda a kan Barth a Katsina, yana tambayar Baturen tambayar tsohon Darini: da wa ka zauna, wa ya faɗa maka, da wane ido ka duba, me ka zo nema? Wato ko Ganau bai tsira ba a hannunsa, balle Jiyau. Ya rasu a 2005, kuma Jiyau ya rama. Yau da wuya ka buɗe kundi a kan kowane lungu na ƙasar Katsina ba ka ga sunansa da 1981 ba, sau biyar, sau goma, a hannun mutanen da ba su san launin bangon littafin ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa a koma tushe, shi ne ya zama babban hajar 'yan sari.

Malaman zaure ma ba su taya mu ba. Kowane almajirin da ya taɓa zama gaban mai karantar da hadisi ya san labarin Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham don ya ji hadisi ɗaya daga bakin Abdullahi ɗan Unais. A nan kam bakina ya yi nauyi, sai dai in ce masoya Jiyau suna da amsa: wancan zamani ba intanet. Malaman hadisi har suna suka raɗa wa hanyarmu ta uku. Mutum ya tsallake wanda ya ji daga bakinsa, ya ambaci na sama da lafazin da zai sa a zaci kai tsaye ya ji, suka kira wannan tadlisi, kalmar da 'yan kasuwa ke amfani da ita ga mai ɓoye aibin haja a cikin duhu. Shu'uba na Basra ya ɗauke shi ɗan'uwan ƙarya. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya zauna ya tattara sunayen masu yi, ya kasa su hawa biyar. Ka ji rashin sutura! Da a ce yau za a yi irin wannan littafi, da sai an yi masa mujalladi fiye da na Barth, kuma da yawanmu za mu shiga, har da mai wannan alƙalami, wanda ya taɓa tura mutum biyu ko uku rijiya a ƙuruciyarsa ta karatu, ya kuma ci maki mai kyau.

Kasuwa ma ta ƙi wayewa. Tun da satar shanu ta addabi ƙauyukan bakin Dajin Rugu, ba mai hankalin da zai sayi saniya a kara bai tambayi daga hannun wa ta fito ba, wa ya san mai ita, wane dillali ya tsaya mata. A ƙarshen Agustan 2021 sai da gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi gaba ɗaya a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana, saboda an kasa bambance ta halas da ta sata. Ka ga bambancin jahilci da ilimi. Saniyar da ba a san hannun da ta bi ba tana iya kai mutum ofishin 'yan sanda. Maganar da ba a san hannun da ta bi ba, digiri take kai shi.

Kada wani ya ce wannan ci gaba namu ne mu kaɗai. Turawa sun riga mu, kuma su har auna abin suka yi. A 2003 wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Simkin da Roychowdhury, suka yi wata dabara irin ta mai bin sawun ɓarawo. Suka ɗauki wata shahararriyar maƙalar kimiyyar fiziks ta Kosterlitz da Thouless, ta 1973, wadda aka ambata wajen sau 4,300. Suka tarar sau 196 an yi kuskure wajen rubuta lambar shafi ko mujalladi ko shekara, amma kurakuran iri 45 ne kacal, kuma guda ɗaya daga ciki an maimaita shi sau 78. Mutum 78 ba sa yin tuntuɓe da dutse ɗaya sai in a layi suke tafe, kowa na riƙe da rigar na gabansa, ido rufe. Daga nan suka ƙiyasta cewa kusan 80 cikin 100 na masu ambaton maƙala ba su karanta ta ba. Wato Jiyau ke da rinjaye, kuma a zamanin dimokuraɗiyya muke.

In kana son ka ga iyakar ƙarfinsa, dubi wata 'yar wasiƙa mai jimla biyar da Jane Porter da Hershel Jick suka aika wa wata babbar mujallar likitanci ta Boston a 1980. Sun ce sun duba bayanan marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu sa maye suna kwance a asibiti, suka ga mutum 4 kawai suka kamu da jarabar maganin. A asibiti, ƙarƙashin idon likita, na ɗan lokaci. Jiyau ya karɓa ya fere "a asibiti". Wasiƙa ta zama bincike, bincike ya zama gagarumin bincike, aka riƙa kafa hujja da shi cewa a ba mutum irin wannan magani ya tafi gida ya yi ta sha ba komai. A 2017 wasu masu bincike a Kanada suka ƙirga an ambaci wasiƙar sau 608, fiye da 70 cikin 100 sun kafa ta hujjar cewa kamuwa da jaraba abu ne mai wuya, kusan 80 cikin 100 kuma ba su ko faɗi cewa marasa lafiyar a kwance suke ba. Ambaton ya fi yawaita bayan fitowar maganin OxyContin a tsakiyar shekarun 1990. A tsakanin nan Amurka ta binne dubban ɗaruruwan mutane sanadin wannan jinsin magani. Ba wasiƙar kaɗai ta kashe su ba, akwai kamfanoni da kwaɗayinsu, amma Jiyau ya ba da gudummawarsa, kuma jimla biyar ɗin nan ba wanda ya ɓata minti guda ya karanta. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa samari da matan aure kafin a hana shi a 2018, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Yanzu ma an haifa masa jika wanda ya fi shi. Shi Jiyau sai ya ji kafin ya faɗa. Jikan kuwa, manhajar nan da ake tambaya ta amsa, ko ji ba ya buƙata, ƙera sunan yake da shekarar da shafin. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo mata shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga, ba a taɓa yin su ba. Alƙalin ya je ya duba, ka ji mugun hali.

Amma duk faɗin duniya ban san inda Jiyau ya yi wa jama'a hidima kamar yankinmu ba. Tun da hanyoyin Batsari da Ruma da Safana da Runka suka zama abin da suka zama, wa zai ce wa ɗalibi ya hau babur ya shiga ƙauye da takardar tambayoyi? Ba ni ba. A watan Satumban 2021 ma layukan waya aka katse mana wata da watanni, ko kira ba ya shiga. Mai rauni zai rubuta gaskiya ya ce ban samu zuwa ba, abin da na kawo daga jarida kaza na ɗauko, ita kuma ta ce wani mazaunin garin ne ya gaya wa wakilinta. Jarumi kuwa ba ya nuna rauni. Jarida ta ce an ce, maƙala ta ambaci jarida ta zubar da "an ce", kundi ya ambaci maƙala, wata maƙalar ta ambaci kundin, kafin shekara uku abin da wani firgitaccen bawan Allah ya faɗa a waya cikin dare ya zama abin da masana suka tabbatar. Ta haka aka yi ta rubutu a kanmu ba tare da an dame mu da zuwa ba. Mutanen da suka kwana a kan duwatsu da cikin gonaki, waɗanda suka san wa aka ɗauka da wa ya dawo, an hutar da su shiga manazarta. Ai ba su da shekara a cikin baka biyu.

Na ga aikin nan da idona a gidanmu, don haka a wannan gaɓar ni ganau ne, a gafarce ni. Shekarun baya wani ɗalibi daga wata makaranta da ba zan ambata ba ya roƙe ni in tambayar masa kawuna asalin zuri'armu. Na tambaya. Kawu ya yi shiru, ya ce shi dai ya ji daga kakarsa wai kakanmu na farko daga yamma ya zo a wata shekarar yunwa, ko Zamfara ko Gobir, ita ma ba ta tantance ba, Allah ne masani. Na kai wa yaron yadda na ji, da "wai" ɗinsa da "ko" ɗinsa. Da kundin ya fito, Gobir ta faɗi a hanya, kaka ta faɗi, ni ma na faɗi, kawu kansa ya koma "majiya". Bayan wasu shekaru wani ya ɗauka daga kundin, gidanmu ya zama ƙauyen gaba ɗaya. Na uku ya ɗauka daga na biyu, ƙauye ya zama al'ummar yankin, aka kuma samo wa yunwar ƙarni.

Ranar wata Sallah sai ga wani jikan kawu ya dawo hutu daga makaranta, ana hira a ƙofar gida, zance ya biyo ta kan asali. Kawu ya fara, "Wai ko Zamfara ko Gobir..." Yaron ya tare shi cikin ladabi.

"Baba, ai an gama wannan binciken. Zamfara ce."

"Wa ya hwaɗa maka?"

Ya zaro waya ya shafa, ya nuna masa suna da shekara a cikin baka biyu. Kawu ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya juya ta, ya miƙa masa.

"Shi wannan malamin, shi ya gani, ko shi ma ji ya yi?"

"Baba, irin wannan ba a tambayarsa. An buga shi."

Kawu bai ƙara cewa komai ba. Da dare ya aiko a kira ni, ya ce in karanta masa sunan malamin sannu a hankali har ya riƙe, na karanta sau uku. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye shi asalin gidanmu, sai ya gyara zama ya ce wai daga Zamfara muka zo, in ji wani malami a littafi, amma shi bai ga littafin ba, jikansa ne ya nuna masa a waya.